Haɗa kwamfutar wasa da ƙaramin jari: inda za ka rage kuɗi da inda bai kamata ka yi rowa ba

A fadodin matasa na Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, hirar wasannin bidiyo ta wuce gardamar wa ya fi iya buga ƙwallo a PlayStation. Akwai samarin da ke tara kuɗi wata da watanni don su mallaki kwamfutar tebur da za ta ɗauki EA Sports FC, GTA V, Fortnite ko Valorant da dare, da rana kuma ta yi masu aikin haɗa bidiyo da zanen hoto, wanda ke kawo ɗan abin sakawa a aljihu. Wasu kuma ƴan uwansu da ke Faransa, Beljiyam, Amurka ko Dubai ne ke tambayar su abin da za a aiko masu da shi.

Yawancin shawarwarin da ake gani a YouTube an yi su ne domin mutumin da ke zaune a ɗaki mai sanyi, wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, kuma idan kaya ya lalace sai ya mayar wa kamfani a ba shi sabo. Matashin da ke Nijar yana da abokan gaba uku da wancan bai san su ba: zafin bazara da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu, da wutar lantarki mai zuwa da tafiya. Wanda ya manta da su wajen raba kuɗinsa zai iya asarar tarin shekara guda cikin dare ɗaya.

Fara da wasan da kake son yi

Kafin ka shiga shago, ka rubuta wasanni uku ko huɗu da ka san su za ka riƙa yi. Kowane kamfani yana wallafa ƙarfin kwamfutar da wasansa ke buƙata. Misali, EA Sports FC 24, wanda ya fito a watan Satumba na 2023 bayan rabuwar kamfanin EA da hukumar FIFA, ya nemi aƙalla RAM giga 8 da katin hoto GTX 1050 Ti ko RX 570. Don ya tafi lafiya lau, kamfanin ya ba da shawarar GTX 1660 ko RX 5600 XT, da RAM giga 12, da filin ajiya na giga 100. Valorant da eFootball ba su kai haka nauyi ba. Wanda ƙwallo da harbi irin na gasa kawai ya dame shi ba ya buƙatar kayan da aka yi domin manyan wasannin da ke fitowa a bana.

Abu na biyu shi ne allon da za ka riƙa kallo. Mai ƙaramin jari ya tsaya a kan allo mai 1920 da 1080, wanda ake kira 1080p, mai faɗin inci 22 zuwa 24. Duk ƙarin kyan hoto a sama da haka katin hoto ne zai biya shi, kuma katin shi ne mafi tsada a cikin kayan. Talabijin ɗin gida ma tana iya riƙe ka da wayar HDMI kafin ka samu kuɗin allo, musamman idan ƙwallo ce wasanka.

Katin hoto ne ke cin kaso mafi girma

Katin hoto, wanda masu shago suka fi sani da kart girafik, shi ke zana duk abin da ido ke gani a wasa, kuma shi ke yanke yawan hotunan da za su wuce a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan suka kai 60, wasa yana tafiya sumul. Idan suka faɗo ƙasa da 30, sai ka ga ɗan wasa yana tsalle-tsalle kamar faifan da ya karce. Shi ya sa masu haɗa kwamfuta kan ware wa katin kusan kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin kayan ciki.

Katunan da suka fi yawo a hannun masu ƙaramin ƙarfi sanannu ne. Akwai RX 580 mai giga 8 na kamfanin AMD, wanda ya fito a 2017. Akwai GTX 1650 mai giga 4 da GTX 1660 Super mai giga 6 na kamfanin Nvidia, duka na 2019. Sai RX 6600 mai giga 8 da RTX 3060 mai giga 12, na 2021, da RTX 4060 mai giga 8 na 2023.

A ƙasa irin tamu, bayan farashi da ƙarfi, sai a duba wutar da kati ke sha. RX 580 yana da arha, amma yana jan wat 185. RX 6600 ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma wat 132 yake ja. RTX 4060 kuwa wat 115 ne. Tsakanin RX 580 da RX 6600 akwai bambancin wat 53. Ga mai wasa awa huɗu kullum, hakan ya haura kilowat-awa 6 a wata. A takardar kuɗin wuta ba wani abin tashin hankali ba ne, amma ga wanda ke amfani da hasken rana da batir, ko ƙaramin janareta, bambancin yana da yawa. Kuma duk wat ɗin da kati ya sha, zafi yake komawa a cikin akwati, a ɗakin da dama can yake kamar tanda.

Shekarun kati ma abin dubawa ne. Kamfanin Nvidia ya daina fitar da sababbin manhajojin inganta wasa ga jerin GTX 10, irin su 1050 Ti da 1060, daga watan Oktoba na 2025. Katunan suna nan suna aiki, sai dai sababbin wasanni za su riƙa barin su a baya. Wanda zai sayi kati ya riƙe shekaru uku ko huɗu gara ya fara dubawa daga GTX 1660 Super ko RX 6600 zuwa sama.

Tarkon kayan hannu

Kasuwar katunan hannu ta cika ne tun watan Satumba na 2022, lokacin da kuɗin intanet na Ethereum ya sauya tsarinsa aka daina haƙo shi da katin hoto. Masu haƙar suka zubar da katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana. Wasu suna nan garau, wasu fankokinsu sun gaji, man sanyayar da ke cikinsu ya bushe.

Akwai kuma yaudara iri biyu da ya kamata a sani. Ta farko, tsofaffin katuna marasa ƙarfi da ake sauya wa suna a cikin manhajarsu, a sa masu sabuwar riga, a sayar da su da sunan GTX 1050 Ti. Ta biyu, katin da ake rubuta wa RX 580 2048SP. RX 580 na asali yana da ƙananan injinan lissafi 2304, shi kuwa wannan 2048 gare shi, daidai da RX 570. Ba laifi ba ne a saye shi, amma a kan farashin RX 570.

Maganin duka biyun gwaji ne a gaban mai kaya. Manhajar GPU-Z kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke cikin kati, har takan yi gargaɗi idan na jabu ne. Manhajar FurMark kuma tana matsa wa kati lamba. Ka bar shi ya yi minti 15 zuwa 20, kana kallon zafinsa da allon. Idan ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka suka bayyana, ko allon ya ɗauke, ko zafin ya wuce digiri 85 ya ci gaba da hawa, ka mayar da kuɗinka aljihu. Mai kayan da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa.

Furosesa da farantin da zai zauna a kai

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. A nan ne matasa da yawa ke ɓarnar kuɗi, saboda sunan Core i7 ko i9 yana da daɗin faɗa a fada. Lambar da ke biye da sunan ita ce ke nuna zamani. Core i7 na zamani na 3 ko na 4 ya girmi shekaru goma, kuma Core i3-12100F na 2022 ya fi shi gudu a wasa.

Ga mai ƙaramin jari, hanyoyi biyu sun fi dacewa. Ta farko ita ce gidan AM4 na kamfanin AMD, wanda furosesoshin Ryzen suka fara hawa a 2017. Ryzen 5 3600 na 2019 da Ryzen 5 5600 na 2022 duka suna da zuciya shida, kuma an ƙayyade zafinsu a wat 65. Ta biyu ita ce gidan LGA1700 na Intel, da Core i3-12100F mai zuciya huɗu ko Core i5-12400F mai shida. Harafin F a ƙarshen suna yana nufin furosesar ba ta iya fitar da hoto da kanta, dole sai da kati. Ryzen 5 3600 da 5600 ma haka suke.

Kowace furosesa tana da irin farantin da take shiga, wato kart-mer, babban faifan da ake dasa sauran kaya a kansa. Ryzen na AM4 suna tafiya da faranti irin A520, B450 ko B550. Na Intel ɗin da aka ambata suna tafiya da H610 ko B660. Tsohon B450 yakan buƙaci a sabunta manhajarsa ta BIOS kafin ya gane Ryzen 5 5600, don haka ka tambayi mai shago ya kunna maka su tare. Faranti mai tsada ba ya ƙara gudun wasa. Abin da za ka duba shi ne ramukan RAM, da wurin dasa ma'ajiya irin M.2, da lafiyar ramukan USB.

RAM da ma'ajiya

Giga 16 ya isa yawancin wasanni a yau. Ka saye shi sanda biyu masu giga 8 kowace, domin furosesa tana karanta sanduna biyu a lokaci guda, kuma ana ganin bambancin a wasa. Faranti na AM4 DDR4 kawai yake karɓa, mai gudun 3200 ya wadatar. Na LGA1700 kuwa akwai mai DDR4, akwai mai DDR5, kuma sandar ɗaya ba ta shiga ramin ɗaya. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabi a duniya daga ƙarshen 2025, saboda yadda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira ke kwashe abin da masana'antu ke ƙerawa. Wannan ya ƙara wa DDR4 na hannu daraja, kuma RAM na cikin kayan da ba su cika lalacewa ba.

Wajen ajiya, SSD ya zama dole. Irin SATA yana karanta kusan mega 550 a daƙiƙa, irin NVMe na zamani na uku yana kaiwa kusan 3500, tsohon faifai mai juyawa kuwa bai kai rabin na SATA ba. A cikin wasa bambancin SATA da NVMe kaɗan ne, don haka ka ɗauki wanda ya fi girma a kuɗinka. Tunda wasa ɗaya yana iya cin giga 100, mai giga 256 zai cika kafin mako ya zagayo. Giga 500 shi ne mafi ƙanƙanta, tera 1 ya fi kwanciyar hankali. Idan na hannu ne, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ya yi yana aiki da lafiyar da ta rage masa.

Inda ba a rowa: wuta

Na'urar raba wuta, wadda masu gyara ke kira alimantasiyon, ita ke karɓar wutar bango ta mayar da ita irin wadda kayan ciki ke sha. Ba ta ƙara hoto ko ɗaya a daƙiƙa, shi ya sa ita ake fara yankewa idan kuɗi suka gaza. Amma idan maras kyau ta ƙone, takan tafi da faranti da katin hoto.

Lissafin ba shi da wuya. Ryzen 5 5600 da RX 6600 da sauran ƙananan kaya ba sa wuce wat 250 zuwa 300 a tsakiyar wasa. Na'ura mai wat 550 daga sanannen kamfani irin Corsair, Seasonic, Cooler Master ko be quiet! ta isa har da rara. Ka nemi tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta ja yana isa ga kayan, ragowar ne ke zama zafi. Na'urar da ba ta da suna, mai sauƙi a hannu kamar gwangwanin da babu komai, wadda aka rubuta wa wat 800 a farashin katin waya, ka bar ta a inda ka gan ta. Wannan kaya ne da ya fi kyau a saya sabo.

Bayan ita sai abin da zai tsaya tsakanin kwamfuta da bango. Ba a manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Ko a lokacin da komai ke tafiya daidai, bazara takan zo da yawan ɗaukewar wuta, saboda kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Dawowar wuta da ƙarfi ita ta fi ɗaukewarta haɗari ga kaya.

Don haka kuɗin na'urar ajiyar wuta, wato ondila ko UPS, a cikin kasafin kwamfuta yake tun farko. Ka lura cewa lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce: mai VA 1000 yawanci kusan wat 600 take ɗauka, mai 650 kuwa ba ta kai 400 ba. Aikinta ta ba ka ƴan mintoci ka kashe kwamfuta cikin tsari, ba ka ƙarasa wasa ba. Ka nemi mai daidaita ƙarfin wuta a ciki, ko ka haɗa ta da regilata. Idan akwatin kwamfuta yana ɗan jan ka in ka taɓa shi, gidan ba shi da wayar ƙasa, sai a kira mai gyaran wuta. Da damina kuma, hadari na tasowa ka zare waya daga bango.

Zafi da ƙura

Akwati mai gilashi ta gaba da fitilu masu launi yana da kyau a hoto, amma gilashi ba ya barin iska ta shiga. Ka zaɓi mai raga a gaba, da fanka biyu masu jawo iska da ɗaya a baya mai fitar da ita. Idan iskar da ke shiga ta ɗan fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun hanyar kutsawa ta ƙananan ramuka, sai ta tsaya a matatar gaba inda za a iya wanke ta. Kada a ajiye akwati a ƙasa, a ɗora shi kan tebur, nesa da taga. Lokacin hunturu a buɗe shi aƙalla sau ɗaya a wata a hure ƙurar, a riƙe fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa. Man sanyayar da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta yana bushewa, a sabunta shi bayan shekara ɗaya ko biyu. Sanyaya da ruwa ba ta mai ƙaramin jari ba ce. Ƙarfen sanyaya mai tsayi da fanka ɗaya ya isa, kuma babu famfon da zai mutu a cikinsa.

Hanyoyi uku gwargwadon aljihu

Mafi arha ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, irin Dell OptiPlex ko HP da ake shigowa da su, a ƙara mata RAM da SSD da katin da ba ya buƙatar wayar wuta ta daban, kamar yawancin GTX 1650 masu wat 75 ko RTX 3050 mai giga 6. Sai dai a kula da abu biyu. Siririn akwati sai gajeren kati, kuma na'urar wutarsu ƙarama ce, sau da yawa ba a iya musanya ta da ta kasuwa. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana neman Intel na zamani na 8 zuwa sama da abin tsaro na TPM 2.0, wanda Valorant ma ke nema a kan Windows 11. OptiPlex 3060, 5060 da 7060 suna cikin waɗanda suka cika sharaɗin.

Ta biyu ita ce a gina a kan Ryzen 5 5600G na 2021, wadda ke da nata ƙaramin katin hoto a ciki. Da RAM sanda biyu tana ɗaukar Valorant, eFootball da GTA V idan aka rage kyan hoto. Ranar da kuɗi suka samu sai a dasa kati, ba tare da an zubar da komai ba.

Ta uku ita ce cikakken gini: Ryzen 5 5600 ko Core i5-12400F, RX 6600 ko abin da ya yi kama da shi, RAM giga 16, SSD tera 1, da na'urar wuta mai wat 550. Ka fara cire kuɗin allo da ondila. A cikin kowace jika 100 da ta rage, kusan 40 na kati ne, 15 na furosesa, 12 na faranti, 10 na na'urar wuta, saura a raba tsakanin RAM, SSD da akwati.

Ga ƴan uwa da ke waje

Kuɗin sefa a ɗaure yake da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Katin yuro 200 ya kama kusan jika 131 kafin a sa kuɗin dako da na duwan. Da wannan lissafin za a gane ko aikowa ta fi saye a gida. Furosesa, RAM da SSD ƙanana ne, suna shiga jakar hannu. Akwati, allo da ondila sun fi dacewa a saya a nan saboda nauyi da fashewa. Furosesar AM4 tana da siraran ƙafafu a ƙasanta masu saurin lanƙwashewa, kada a fitar da ita daga robarta.

Mai aikowa daga Amurka ya tuna cewa can wutar gida kusan bolt 120 ce, a Nijar kuwa 220. Yawancin sababbin na'urorin wuta suna karɓar 100 zuwa 240 da kansu, amma tsofaffi suna da ɗan jan maɓalli a baya. Idan aka bar shi a kan 115 aka soka a bangon Yamai, nan take za ta ƙone. Ondilar Amurka kuwa kada a aiko ta sam. Garantin da aka bayar a Turai ko Dubai ma da wuya ya yi amfani daga nesa, don haka a gwada kowane kaya a can kafin a rufe jaka. Masu sayowa daga Kano ko kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas su ma su gwada a wurin, su kuma lura cewa kan wayar wutar Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi ne, ba irin na gidajenmu ba.

Abu ɗaya da babu kayan da zai gyara shi ne jinkirin intanet. Idan ka harba sai bayan ɗan lokaci harsashi ya fita, nisan da ke tsakaninka da na'urorin kamfanin wasan ne, waɗanda galibi suna Turai. Wayar intanet da aka soka kai tsaye ta fi Wi-Fi tsayawa, amma sabon kati ba zai rage nisan ba.

Wajen saye, gara a tara kuɗi a sayi furosesa, faranti, RAM da na'urar wuta a rana ɗaya. Wanda ya sayi faranti a watan Janairu ya ajiye sai Yuni ya samu furosesa ba zai san ko farantin na aiki ba sai bayan mai shago ya manta da fuskarsa. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kowane kaya, a yi yarjejeniyar kwanakin da za a iya maidowa, a kunna kwamfutar a shagon. In an kai ta gida kuma, wayar allo a jikin katin hoto ake soka ta, ba a ramin faranti da ke sama ba.